Ɗanɗanon Banda Ya Kusa Kai Ni Inda Ya Kai Inna

Wata bakwai ke nan ban ce uffan a shafin nan ba. Masu tambayar ina Hajara mai kifi ta shige, ga ni, da raina. Ku gyara zama.

Waɗanda suka san ni a kasuwar Batsari sun san bandar tarwaɗa ce sana'ata. A hannun mahaifiyata, Inna, na koya. Ita ta nuna mini yadda ake gane wuta ta ratsa kifi: tun yana ɗanye-ɗanye a kan ragar waya za ki tsinki tsoka kusa da ƙashin baya ki sa a baki. Harshe ne ma'auninmu. A rana nakan ɗanɗana ya fi sau goma.

Da gajiya abin ya fara. Sai jiri, sai murɗawar ciki, yau gudawa gobe lafiya. Harshena ya yi jawur yana raɗaɗi, tafin ƙafata kamar ana tsira mini allura.

Mai kemis ya ce zazzaɓin sauro ne. Ya dawo ya ce taifot. Na sha ƙarin ruwa, na sha jiƙe-jiƙen shawara har ɗacin ya daina damuna. Zanena kuwa kullum sai ƙara zagaye ni yake.

Yayata Binta ta zo daga Safana dubiya. Tana ganina ta juya baya tana share ido.

"Mi ya faru, Yaya?"

"Hajara, wallahi haka Inna ta fara. Har jan harshen."

Inna ta yi shekara biyu tana ramewa kafin ta rasu, ba wanda ya san sunan ciwonta. Dangi suka ce na gado ne, a jini yake. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Har na fara raba wa 'ya'yana kayan ɗakina a zuci.

Maigidana, Malam Sani, bai yarda ba. Ya sayar da tunkiyarsa ya kai ni asibiti a Katsina. Aka ɗebi jini, aka ce ya yi ƙasa sosai. Aka yi gwajin da kowa ke fargaba, ya fito lafiya. Sannan aka miƙo mini 'yar kwalba, wai bayan gida ake so. Kunya ta kusa kashe ni kafin ciwon.

A ɗakin gwajin akwai wata likita mai bincike kan tsutsotsin da ke cikin kifi. Ta tambayi sana'ata, na faɗa. Ta ce, "Kina cin wanda bai gama dahuwa ba?" Na ce ba ci nake ba, ɗanɗanawa nake. Ta yi murmushi ta ce, "Zo ki ga baƙinki."

Na sa ido a madubin nan nasu mai ƙara girman abu.

Jama'a, ƙwai ne! Reras, masu ruwan ƙasa, kowanne da ɗan murfinsa kamar tukunya. Ta ce na tsila ne, doguwar tsutsar hanji. Ƙwan yakan bi bayan gida ya faɗa tafki, wani ƙwaro da ido ba ya gani ya haɗiye shi, kifi ya haɗiye ƙwaron, ni kuma na kai kifin baki. Tsutsar tana zaune a cikina tana shanye abin da jiki ke haɗa jini da shi.

Na kasa ɗauke ido. Sai tasbihi nake. Duk wannan tafiya, daga tafkin Ruma, inda muke samo kifi, har hanjina, ban ji motsinta ba.

Ƙwayoyin magani aka ba ni, 'yan ƙanana, na shanye a zama ɗaya, sai allurar gyaran jini. Washegari tsutsar ta fito, fara, shimfiɗaɗɗiya kamar zariyar wando. Malam ya auna da sanda ya ce ta fi tsawonsa sau biyu. Ya cire hula ya zauna a ƙasa.

Da na koma asibiti, na tambayi likitar ko irin tsutsar nan ce ta ci Inna. Ta ce, "Ba zan iya rantsewa ba, Hajiya. Amma ba a jini kuka gaje ta ba."

Na gode wa Allah, na gode wa Malam, da Yaya Binta, da likitar nan baiwar Allah.

'Yan'uwana masu kifi, ku bar wuta ta gama aikinta. Ku tsaga da wuƙa ku duba, in tsokar ba ta yi fari har ƙashi ba, ku mayar. Kada a yi bayan gida a bakin tafki. In rama ta ƙi jin magani, ku kai gwajin bayan gida, ku ajiye kunyar a gida.

Jiya na hura wutar banda karon farko. Hannuna ya kai kan kifi da kansa, yadda Inna ta koya mini, har na tsinko. Na tsaya ina kallon tsokar. Na tuna ƙwayoyin nan da ko tafin hannu ba su cika ba, na tuna shekara biyun da Inna ta yi a kwance.

Na mayar da tsokar kan wuta, na yi kukana, na yi wa Inna addu'a.