Zumrad Mai Tsaron Takardun Inabi

Shekara talatin da ɗaya Zumrad Hamroyeva ta yi tana sauka ɗakin ƙasa na laburaren wata jami'a a Samarkand, kuma a 'yan shekarun nan sai ta tsaya a tsakiyar matakala ta dafa bango, gwiwarta ta huta. Can ƙasa aka jibge abin da aka rasa inda za a kai shi: littattafan girki da mata suka rubuta da hannu, jerin abinci na gidajen shayin da suka daɗe da rushewa, takardun da ake manna wa kwalaben giyar inabi, da kundayen malaman gona na zamanin Sobiyet. Kwali ɗari huɗu da ɗoriya. Aikinta ta buɗe kowanne, ta kakkaɓe ƙura, ta karanta, ta ba shi lamba.

Da ta zo tana budurwa, an ce mata aikin shekara biyu ne, daga nan a mayar da ita sama wajen littattafan tarihi. Wanda ya yi mata alkawarin ya rasu, wanda ya gaje shi bai ma san an yi ba. Ta yi aure, ta haifi uku, ta aurar da biyu, duk tana ƙasa.

Ko ɗigon giya bai taɓa shiga bakinta ba, amma ta san shekarar da ƙanƙara ta lalata inabi, ta san wace kwalba aka kai baje koli. Mijinta Nurmat, direban tasi, da ya ji motsinta a ƙofa sai ya ce, "To, malamar mashaya ta dawo!"

"Kai dai ɗora mini ruwan shayi, ƙafata kamar ba tawa ba," in ji ta.

Wani hunturu bututun ruwa ya fashe a ƙarshen mako. Safiyar Litinin ta tarar da ruwa har idon sawu, kwali arba'in sun jiƙe sharkaf. Ta haura wajen shugaban laburaren, siket ɗinta na ɗiga.

"Yaya Zumrad, ki kwantar da hankalinki," ya ce. "Tsakani da Allah, wa ke karanta takardar kwalba?"

Ta sauko ta kira Nurmat, suka yi sawu shida da tasi. Wata guda gidansu ya yi da igiyoyi daga taga zuwa taga, takardu a shanye kamar kayan jariri, ita kuma tana bin waɗanda suka sha iska da dutsen guga. Kusan rabi ta ceto. Sauran suka manne suka yi fumfuna, ta zubar da su da hannunta. Ciwon tarin da ta kwasa a lokacin bai sake ta ba har yau.

Da sanyi ya wuce, wani tsoho ya sauko mata, sanye da doguwar riga mai auduga, yana haki. Sunansa Eshkul, manomi daga wani ƙauye a gefen garin Urgut. Ya ce mahaifinsa yana da wani baƙin inabi da mutanen ƙauyen ke kira idon maraƙi. A shekarun da hukuma ta hana giya, tarakta ta tumɓuke gonar kakaf. Ya zaga kasuwanni bai sake ganin irinsa ba.

"'Yata, an ce ke ce kika san kowane inabi. Ina so in ɗanɗana shi kafin a kai ni makwanci."

"Baba, ni takarda na sani, ban san gona ba."

"To ki duba takardar mana. Ni ina na iya?"

Ta so ta sallame shi. Ranar bayanta ciwo yake, ga kwali sittin ko igiyarsu ba ta kwance ba. Amma tsohon ya riga ya zauna a kujerarta, ya ciro gurasa daga ɗankwali ya raba biyu ya miƙo mata. Ta karɓa.

Mako uku ta yi tana nema. A ɗaya daga cikin kundayen da ta goge da dutsen guga ta samu: wani malamin gona ya rubuta cewa a 1971 ya yanko reshe goma na idon maraƙi ya ba wata malamar firamare a ƙauyen da ke hayin kogi. Ruwa ya cinye rabin sunan matar. Zumrad ta kwafe abin da ya saura, ta kira tsohon a waya ta karanta masa sau uku, don kunnensa ya yi nauyi.

Shiru, har ta manta da shi. Sai da kaka ga shi ya dawo da ƙunshi. Ya ce malamar ta rasu tuntuni, amma jikokinta na nan, kuma inabin ya lulluɓe rumfar tsakar gidansu, ba su ma san sunansa ba. Ya kwance ƙunshin a kan teburinta. Ta tsinki ƙwaya ɗaya ta sa a baki, nan take ta yamutsa fuska.

"Baba, wannan ai tsami ne zalla!"

"Na sani," ya ce. "Shi ne kuwa. Ganyen nasa ne, ƙwayar tasa ce. Amma wallahi da ina yaro zuma ne. Ko inabin ne ya canja, ko bakina ne ya tsufa."

Dariya ta kama ta har tari ya sarƙe ta, shi ma ya yi ta yi yana share ido da hannun riga. Suka cinye nonon inabin tas, suna ci suna kushe shi. Ya ce duk da haka ya yanko reshe biyu ya dasa a bayan ɗakinsa.

A watan Disamba ta yi ritaya. Ba a naɗa kowa a madadinta ba. Ta rubuta a takarda inda ta tsaya, kwali na ɗari uku da hamsin da takwas, ta manna a ƙofa, ta kai wa sakatariya makulli. Aka yi mata walimar shinkafa da nama a ofis, shugaban ya yi jawabi, ya kira ta da sunan wata daban.

Kwana uku a jere tana barci har rana ta take. Ƙaramar 'yarta ta tsorata, ta ce a kira likita. Nurmat ya ja ƙofar ɗakin a hankali ya ce, "Ƙyale uwarki. Gajiya ce kawai."