Gwaggo Sabulu da Ƙwayoyin Hanjin Mijinta

Yayar babana ce, amma a layinmu har dattawa Gwaggo Sabulu suke ce mata. Babana ya ce da suna yara ita ce mai shan mangwaro ba wanki, ta goge hannu a zanenta ta ƙara gaba. Ciwon tsabta ya same ta ne bayan ta haifi 'ya'yanta biyu, lokacin da ta samu aikin shara da goge-goge a wata makarantar sakandare, aka ba ta ɗakin gwaje-gwajen kimiyya.

Wata rana tana goge tebura, malamin kimiyya yana shirya darasi, sai ya ce ta zo ta ga abin mamaki. Ya ba ta tsinke ta kankaro ɗan farin abin da ke gindin haƙorinta, ya shafa a gilashi, ya ɗiga ruwa, ya tura ƙarƙashin na'urar da ke nuna ƙananan halittu. Gwaggo ta kanne ido ɗaya ta leƙa. Ta ga wasu kamar sanduna, wasu ɗige-ɗige, ga wani dogo yana ta murɗe-murɗe kamar an kunna masa kiɗa. Ta tambayi malamin na waye waɗannan, ya ce nata ne. Ya buɗe baki zai ƙara da cewa kowa ma yana da su, kuma yawancinsu ba sa cutar da mutum, sai aka kaɗa ƙararrawa, ɗalibai suka ɓarko ɗakin. Da rabin darasi Gwaggo ta koma gida.

Tun daga ranar gidanta ya canza. Cokula sai an tafasa. Zanen gado sai an goge shi ciki da waje. Rimot ɗin talabijin a cikin leda yake zama, ita ma ledar ana wanke ta. Na taɓa ganinta da idona tana wanke sabulu kafin ta wanke hannu da shi, na tambaye ta, ta ce ai ba ta san wanda ya taɓa shi a kanti ba. Baƙo kuwa tana karɓarsa da fara'a, yana fita ta hau kujerar da ya zauna da soso. Wata maƙwabciya ta taɓa dawowa ɗaukar lemarta da ta manta, ta tarar da Gwaggo a durƙushe tana dirzar inda ta tashi. Suka sake gaisawa, kowa ta yi kamar ba ta ga komai ba.

Wanda ya fi kowa shan wahala shi ne mijinta, da muke ce wa Baban Gareji. Makanike ne, mutum mai sanyin hali, wanda baƙin mai ya riga ya zauna a ƙarƙashin faratansa. A bakin ƙofa aka ajiye masa kujera da bokiti da burushi. Nan yake tuɓe kayan aiki, nan yake dirzar hannu, Gwaggo na tsaye a kansa tana nuna masa inda ya tsallake. Shi kuwa a gareji da hannun nan yake gutsurar burodi, in ya faɗi ƙasa ya ɗauka ya hure ya cinye. Gwaggo ta sani, ta kuma sha faɗa a gaban kowa cewa da za a sa mutumin nan ƙarƙashin na'urar malamin, na'urar ce za ta fashe.

Sai kuma maganar kafso. Ta gano cewa a kemis ɗin kan kwana ana sayar da kafso mai kashe ƙwayoyin cuta, ba tare da an tambayi takardar likita ba. Daga nan duk wanda ya yi atishawa a gidan sai ya haɗiyi kafso. Mura kafso, ciwon kai kafso, yaro ya dawo daga makaranta da fuska a ɗaure ma kafso. Ita kanta takan sha ko lafiyarta ƙalau, wai don ta riga su.

Haka aka yi ta tafiya har ta bar aiki, 'ya'yan suka girma. Sai ga ciwon haƙori ya kama ta, ta haɗa kafso iri biyu masu ƙarfi ta yi ta sha. Haƙori ya lafa, gudawa ta ce salamu alaikum. Ta ƙara kafso, gudawa ta ƙaru. Kafin mu farga Gwaggo ta zube, zobenta na zamewa daga yatsa, ko soso ba ta iya riƙewa. Ranar da Baban Gareji ya dawo ya shige har tsakar falo da kayan aiki ba ta ce masa komai ba, ranar ya san abin ya kai, ya ɗauke ta sai asibiti.

Aka yi mata ƙarin ruwa, aka yi gwaji, aka ba ta magani na musamman. Ta samu sauƙi, aka sallame ta, ciwon ya dawo. Aka sake, ya sake dawowa. Ni nake jinyarta a karo na uku lokacin da likitar, wata mata mai magana a hankali, ta jawo kujera ta zauna kusa da gadon. Ta yi mata bayani cewa a hanjin kowane mutum akwai ƙwayoyi da ba sa ƙirguwa, suna taya shi narkar da abinci, suna kuma tare wuri don kada miyagu su samu wurin zama. Kafson da ta yi shekaru tana sha ya share na kirkin, sai wata muguwa guda mai taurin kai ta samu fili ta baje.

Gwaggo ta ce to a rubuta mata na kirkin a sayo.

"Mama, ba a kemis ake samunsu ba," in ji likitar. "A jikin mutum mai lafiya ake ɗebowa. Daga bayan gidansa. A tace shi sosai a ɗakin gwaji, a sa miki a hanji ta roba."

Gwaggo ta dube ta, ta dube ni, ta dubi silin. Can ta ce in haɗa mata kayanta, gara ta je ta mutu a kan zanen gadonta mai tsabta. Sai da babana ya zo ya zauna da ita tun hantsi har la'asar, ya tuna mata jikokinta, ita kuma ta tashi zuwa banɗaki sau ba adadi a tsakiyar nasihar, sannan ta ce a yi abin da za a yi, amma kada a ƙara faɗin sunan abin a gabanta.

Aka shiga neman wanda zai bayar. Sharaɗin shi ne mutum ya kasance lafiyayye, kuma bai sha irin wannan kafson kwanan nan ba. 'Yarta ba ta cika sharaɗin ba, domin ta gaji uwarta wajen shan kafso. Ɗanta ma haka. Babana na da ciwon suga, ni kuma ina da ciki. Likitar ta juya ta dubi Baban Gareji, wanda ke tsaye a jikin bango yana ɓoye hannayensa a baya.

Gwaggo ta yi dariya, karo na farko tun da ta kwanta. Ta ce kada likita ta ɓata lokacinta, wannan da hannunta ta ba shi kafso watan jiya da ya yi tari.

Baban Gareji ya yi gyaran murya. "Maman yara, ban sha ba."

"Na watan jiyan?"

"Duka. Tun na farko. A ƙarƙashin harshe nake ajiyewa, in na fita in tofar a kwata."

Na zaci Gwaggo za ta cire robar ƙarin ruwan ta shaƙe shi da ita. Ba ta da ƙarfin yin haka, sai ta juya fuska bango. Aka ɗebi jininsa da sauran abin da ake buƙata aka yi gwaji iri-iri. Sakamako ya fito, ba a samu komai na cuta a jikinsa ba, likitar har ta yaba. Shi ya karɓi yabon da sunkuyar da kai, kamar wanda aka ba lambar girma.

Daga nan mutumin ya fara ji da kansa. Ya daina shiga ƙarƙashin mota, wai kada ya takura ƙwayoyin hanjinsa. In ya hau babur sai ya ce wa mai babur ya bi a hankali wajen ramuka. Abokan aikinsa suka ji labari, yana isowa gareji su miƙe tsaye su ba shi kujera, wani ma ya riƙa yi masa fifita da kwali.

Ranar da aka sa, ya zo asibiti da kayansa mafi kyau, har da turare. Nas ta ba shi 'yar roba mai murfi ta nuna masa ƙofa. Muka zauna a benci muna jira, ni da babana da 'ya'yan Gwaggo, can ciki kuma an riga an shirya ta. Shiru. Nas ta duba agogo ta ƙwanƙwasa, ya ce yana zuwa. Da ya fito robar ba komai, zufa ta jiƙa masa wuyan riga. Ya ce shi tun da yake ba a taɓa jiransa a kan wannan al'amari ba. Aka ba shi shayi mai zafi, aka sa shi hawa bene da sauka, babana na biye da shi yana ba shi ƙwarin gwiwa. Ya koma, ya sake fitowa hannu wofi. A ƙarshe ya ja nas gefe ya raɗa mata cewa shi fa a gida da rediyo yake shiga. Aka aro ƙaramar rediyo wurin mai gadi, aka miƙa masa ta ƙofa. Ba a gama kanun labarai ba ya fito, ya miƙa robar da hannu biyu.

Abin ya yi aiki. Cikin 'yan kwanaki gudawa ta tsaya, Gwaggo ta nemi abinci, ta fara yi wa mai sharar asibiti gyara a kan yadda take riƙe tsintsiya. Likitar ta sallame ta da gargaɗin kada ta sake shan kafso sai an rubuta mata, ta kuma riƙa cin wake da ganye da 'ya'yan itatuwa, don baƙin da ke cikinta su samu abin ci.

Ta daɗe ba ta iya haɗa ido da mijinta ba. Da ta dawo daidai kuma sai ta ɗora masa laifin duk wani sabon hali da ta gani a jikinta. Ta fara gyangyaɗi a gaban talabijin baki buɗe, ta ce nasa ne. Ta yi gyatsa a gaban baƙi, ta nuna shi da yatsa. Ta koma asibiti takanas ta tambaya ko munshari ma yana bin hanji, likitar ta ce ba ta da hujjar haka, Gwaggo ta ce ita tana da ita. Shi kuwa in faɗa ya yi zafi ba ya ramawa, sai ya ce, "Yi a hankali, Maman yara, kada ki tayar wa mutanena hankali." Sabulu dai bai bar gidan ba, hannu kuma ana wanke shi kafin a ci abinci da bayan an fito banɗaki, amma ta bar kemis ɗin kan kwana ya huta.

Bara ƙarfe ya yanke shi a ƙafa, wurin ya kumbura ya yi ruwa, likita ya rubuta masa kafso na gaskiya, ya ce dole ya shanye duka. Gwaggo ta shiga damuwa fiye da shi. Ta raka shi asibiti, ta nemi likitar da ta yi mata magani, ta tambaye ta a asirce ko in kafson ya ƙarar da ƙwayoyin hanjinsa za a iya ɗiba a wurinta a mayar masa, tunda dama kayansa ne. Likitar ta ce ba za a kai ga haka ba, kuma ko an kai, ba a karɓa daga wanda ya taɓa irin ciwonta. Gwaggo ta ji haushin wannan magana ƙwarai. A hanyar dawowa ta tsaya kasuwa ta sayo wake da kabeji da ayaba cike da jaka, ta sa shi ya ɗauka yana ɗingishi, tana gaba tana mita cewa ita ba a taɓa raina ta irin na yau ba.