Kawu Isufu Da Injin Mame Ajuwa

Duk wanda ya san Kawu Isufu ya san sukundirebar nan tasa. Doguwa ce, ta fi kamu guda, mariƙinta na katako ya yi baƙi ƙirin saboda gumin shekara arba'in. Da ita yake zuwa Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, da ita yake zuwa suna, da ita yake zuwa Idi. Kuma ban taɓa ganin ya kwance ko noti ɗaya da ita ba. Aikinta saurare ne. Sai ya ɗora bakinta a jikin inji, ya manna mariƙin a kunne, ya rufe ido, ya ɗaga yatsa ɗaya sama. In yatsan nan ya tashi, wallahi ko masu bugun bodi sai sun ajiye guduma. Can sai ya buɗe ido ya ce, "Bawul na uku ne. Tun daga Techiman yake kuka, ba wanda ya kula shi."

Ba mota kaɗai ba fa. Ya saurari firij ɗin Hajiya Rabi ana tsakiyar biki, ya ce mata ta fara yi masa bankwana. Fankar masallacinmu na Aboabo, liman na wa'azi, shi yana can ya miƙe tsaye yana jin tsakiyarta. Ni kaina Bashiru, ɗan ƙanwarsa, shekarar da na fara ajiye teɓa ya tare ni a shagona na kayan mota, a gaban mutane, ya ɗora min ƙarfen a ciki. Ya ɗaga yatsa.

"Inji ƙarami, bodi babba. Rage lodi."

Amma a taɓa ta? Haba! Ko Mma Azumi, matarsa, in za ta wanke jamfarsa sai ya zo da kansa ya zare ta daga aljihu.

Sai zamani ya zo da motocin nan masu kwamfuta. Wata rana Alhaji Garba mai goro, wanda Kawu ke yi wa gyara tun yana da akwalar da sai an tura, ya shigo da sabuwa fil, wata jar fitila tana ƙyafta masa ido a gaban sitiyari. Kawu ya buɗe gaban motar ya tarar an lulluɓe komai da roba. Da ƙyar ya sami inda zai ɗora ƙarfe. Ya ɗaga yatsa. Muka yi tsit. Minti biyar!

"Alhaji, kunna ta mana."

"Masta, ai a kunne take."

Ba wanda ya yi dariya, amma gara ma da an yi. Kwaku na rumfar kusa ya zo da kwamfutarsa, ya soka waya a ƙasan sitiyari, kafin ka sha ruwa ya faɗi ciwon. Alhaji ya dafa kafaɗar Kawu, da zuciya ɗaya fa, ya ce, "Masta, ka yi naka. Yanzu sai ka huta."

To, kalmar nan ce ta kore shi daga Kumasi. 'Ya'yansa suka kama, mu ma muka kama: Kawu ka huta, Baba ka huta. Wata uku yana zaune a rumfa, motoci na wucewa wajen Kwaku, mutane na aiko masa da koko da ƙosai, shi kuwa yana mayarwa. Cewa yake yi, "Ban yi gumin komai ba, da wane baki zan ci?"

Ranar nan ya tare Musa Dogo, direban babbar motar doya.

"Dogo, ina ne ƙarshen hanyarka?"

"Kwabena Akura, can cikin dajin Afram. Daga nan sai ƙafa."

"Akwai kwamfuta?"

"Masta, ko lantarki babu."

"Ajiye min kujera."

Mma Azumi ta tare ƙofa da tsintsiya a hannu. "Malam, kai fa fita ne, mai gyaran mota! Garin da ko keke sai an yi bincike, me za ka gyara? Awaki?"

"In sun lalace," in ji shi. Ya saɓa akwatin kayan aikinsa, mutum mai shekara sittin da uku, ya fita.

Mako shida shiru. Aka yi taron dangi a unguwar Buokrom, aka duba wanda ya fi kowa baki, aka ce ni zan je in dawo da shi. Mma ta ce in ban dawo da shi ba, ni ma in nemi gona a can.

Na bi motar Dogo. Hanyar nan, jama'a, kada Allah ya maimaita. Ramin da muka shiga da hantsi, sai azahar muka fito ta ɗaya gefen. Hanjina ya sauya mazauni sau uku. Muka isa ranar Litinin da yamma, na tarar da Kawu a ƙarƙashin wani mangwaro: ya kafa rumfar ciyawa, ya share ƙasa fes, ya jera sifanoni a kan buhu daga babba zuwa ƙarami, ga allo an rubuta sunansa. Abu ɗaya ne kawai babu. Inji.

Ya rame sosai. Ashe mai gari na aiko masa da tuwo, amma ba ya cin abincin gida sai ya yi aiki a gidan. Don haka ya gyara kowace ƙofa a ƙauyen, ya sake ƙotar kowace fartanya, rediyon mai gari kuwa sau uku ya gyara shi, sau biyu lafiyarsa lau. An ce har ta kai in mata suka hango shi tafe sai su ɓoye fitilunsu.

"Kawu, an aiko ni in kai ka gida."

"Wa ya aiko ka?"

"Kowa da kowa."

"Su kowa da kowan ba su da aikin yi ne?"

Na yi lallashi, na yi barazana, na kawo hawayen Mma har na ƙara da nawa. Daga ƙarshe na ce, "Dogo zai gama lodin doya ya tashi ranar Laraba da la'asar. In kafin nan ka sami aikin gaske, inji mai shan mai yana fitar da hayaƙi, na tafi ni kaɗai. In ba ka samu ba, ka bi ni."

"In bi ka in je in huta?"

"Eh, Kawu."

Ya daɗe yana kallon sifanoninsa. Sannan ya dafa aljihu. "Na yarda. In na shiga motar nan, sukundirebar nan ma taka ce, ka rataye ta a shago, a riƙa kallo." Wallahi da na ji haka sai na so in janye maganata, amma ta riga ta fita.

Ashe inji ɗaya ne tak a garin, kuma Kawu ya san da shi tun ranar da ya sauka: injin niƙan Mame Ajuwa, wanda mu a nan muke ce wa nikanika. Shekara huɗu yana mace a wani ɗaki, mata na tafiyar rabin yini da masara a ka zuwa wani gari. Fita uku aka taɓa kawowa daga birni, kowanne ya tafi da wani sashe na injin wai zai nemo irinsa, har yau ana jira. Shi ya sa Mame ta garƙame ɗakin ta rantse ba fitan da zai sake shiga. Mako shida Kawu na zuwa gaishe ta kullum da safe, ita kuwa tana amsawa da makullin ɗaure a bakin zane.

Da sassafen Talata ya ja ni har gabanta.

"Mame, ga ɗan ƙanwata. In noti ɗaya ya ɓata, ki riƙe shi. Zai yi miki surfe."

Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta daɗe a tsakiya. "Wannan? Kafin ka dawo ya cinye min rumbu."

"To ki zauna a bakin ƙofa ki caje aljihunmu in za mu fita. Kwana biyu kawai nake roƙo. In bai tashi ba, ba za ki sake ganin fuskata da safe ba."

Ina jin wannan alkawarin na ƙarshe ne ya ja hankalinta. Ta kwance makulli, ta ɗauko kujera da taɓarya, ta zauna a bakin ƙofa.

Muka tarar da kaji sun mai da injin gidan haya. Ɓeraye sun cinye rabin bel. Na ce, "Kawu, mataccen inji ai ba ya magana, me za ka saurara?"

"Zai yi, in an juya shi. Kama hannun."

Ni! Ni da ko gwangwanin madara sai an buɗe min! Na kama ƙarfen nan na fara juyawa, shi kuwa ya ɗora sukundireba, ya rufe ido, ya ɗaga yatsa. Na juya har gumina ya yi kwata, agwagi suka zo suna wanka. Duk sanda na tsaya sai ya ce, "Juya! Ya fara ba ni labari ka katse shi." Mame na daga ƙofa tana cewa, "Juya, mai ciki, juya!" Kafin azahar rabin matan garin sun taru suna taya ta.

Can ya buɗe ido. "Numfashinsa ne ke zubewa. Bawul ya yi tsatsa, ba ya rufuwa. Su waɗancan ɓarayin ba su ma leƙa nan ba."

Ba man goge bawul a dajin nan. Ya aika aka ɗebo lallausan yashin rafi, ya tankaɗe da gefen rawaninsa, ya kwaɓa da man kaɗe, ya zauna yana murzawa da tafin hannu har rana ta faɗi. Abubuwan da fitocin suka kwashe kuwa, sai ga irinsu suna fitowa daga ƙasan akwatinsa, tarkacen da muka shekara ashirin muna ce masa ya zubar. Kowanne ya ɗaga sai ya nuna min. "Wannan ma ka ce in zubar, ko?"

Ranar Laraba bayan azahar ya haɗa komai, aka roƙo gas a wajen Dogo. Saura bel. Ya haɗa bakuna biyun da ɓeraye suka raba, ya waiga yana neman fatar ɗinki. Idonsa ya tsaya a ƙuguna.

"Kawu, sabo ne! Na Sallah ne!"

"Cire."

Ya yanka min bel ɗina siri-siri ya ɗinke na injin da shi. Muna cikin haka Dogo ya danna ham daga bakin kasuwa, doya ta cika mota. Kawu ko waiwaye bai yi ba.

"Juya."

Hannu ɗaya a wando, ɗaya a ƙarfe, na juya. Shiru. Na sake. Ya yi tari sau ɗaya ya mutu. Dogo ya sake danna ham. A nan ne fa na manta da wanda ya aiko ni. Na saki wandon nan, na kama da hannu biyu, na ce Bismillahi, na juya da duk tuwon da na ci a duniya. Tum. Tum. Tum-tum-tum-tum! Baƙin hayaƙi ya turnuƙe ɗakin, kaji suka fice ta taga, mata suka ɗauki guɗa. Ni dai har yau ina cewa guɗar injin aka yi wa, ba abin da ya sami wandona ba.

Mame Ajuwa ta jefar da taɓarya ta ruga ta ɗebo masara. Kawu bai yi murmushi ba. Ya ɗora sukundirebarsa, ya saurara, ya gyaɗa kai.

"Je ka kama motarka. Ka ce wa Azumi na sami aiki. In tana so ta zo, akwai ɗaki."

Haka na dawo Kumasi a kan doya, wandona ɗaure da igiyar buhu. Mma ta yi fushin wata guda, sannan ta tattara tukwanenta ta bi Dogo. Ta ce ba don shi ba ne, don kada matan ƙauye su ce ba shi da kowa.

Shekara goma sha ɗaya ya yi a can. Famfunan tuƙa-tuƙa, injinan kwalekwalen masunta, babura masu ƙafa uku, daga tafiyar kwana guda ake kawo masa. Ba wanda ya sake ce masa ya huta.

Da jikinsa ya yi tsanani bana, na je da mota in kawo shi asibiti. Na same shi kwance a rumfar mangwaro da hantsi. Ya saurari duk bayanina, sannan ya zare sukundirebar ya miƙo min. Na tsaya ina kallonta.

"Karɓi mana. Ɗora a nan."

Na ɗora bakinta a ƙirjinsa, na manna mariƙin a kunnena. Shekara talatin ina sayar da kayan inji ban taɓa jin komai ba. Ranar na ji. Yana bugawa, ya tsaya, ya sake kamawa da ƙyar.

"Ka ji ko?"

"Na ji, Kawu."

"To wannan sai Mai shi. Mai da motarka." Ya dube ni. "Kuma ka gaya wa Mame, in abin ya zo kada ta kashe inji saboda ni. Mutane za su ci tuwo."

Bayan kwana huɗu muka kai shi makwancinsa a bayan ƙauyen. Muna zuba ƙasa, daga can cikin gari ana jin injin, tum-tum-tum, Mame Ajuwa na zuba masara tana share ido da bakin zane.

Allah ya jiƙan Kawu Isufu, ya karɓi guminsa, ya yafe masa kurakuransa. Ya Allah, bawanka ya ƙi hutun da muka yi ta ba shi. Ka ba shi naka, wanda ba zai mayar ba. Amin.