Bencunan Ammu Yagub

Har in koma ga Allah ba na jin zan manta da ranar da muka sauke sababbin bencuna a wata kanisa da ke bayan kasuwar Damazin. Kanisa ita ce coci, ga wanda bai saba da bakinmu na nan ba. Lokacin ina usta, wato babban kafinta, a warsharmu, wato shagon aikinmu, ta Sinnar, ni Bello da ƙanena Sa'idu, shekaru kaɗan kafin yaƙin nan. Ku da kuke koyon aiki yanzu, ku matso ku ji.

Wanda ya kawo mana aikin wani malamin makaranta ne, Ustaz Daniyal, sakataren kwamitin kanisar. Matasansu sun yanke shawarar fitar da tsofaffin bencuna a zuba sababbi kafin Kirsimeti. Ƙa'idar irin wannan aiki kun san ta: usta ya je da kansa ya auna ɗaki, a yanka katako a warsha, a haɗa, sannan a kai. Muka hau mota muka tafi awo.

Da muka shiga sai na riƙe baki. Babu benci biyu masu tsayi ɗaya. Wani ƙafarsa ta hagu ta fi ta dama, wani gajere kamar kujerar tsakar gida, wani kuma an yi masa madafa a gefe guda kawai. Can a kusurwa wani dogon tsoho yana goge taga da tsumma. Da yake da Larabci ake ta magana, sai na juya na ce wa Sa'idu da Hausa:

"Wanga aiki, makaho ya yi shi ko mai gyangyaɗi?"

Sa'idu ya ce, "Haba Yaya, ai ko makaho yana lalube."

Muka yi dariyarmu. Tsohon bai ko waiwayo ba. Jim kaɗan ya kawo mana shayi. Ustaz Daniyal ya ce sunansa Ammu Yagub, shi ke buɗe ƙofa, shi ke shara, shi ke buga ƙarfen kiran ibada tun kafin a haifi shi Daniyal ɗin. Ya rage murya ya ƙara da cewa da zarar bencuna sun iso, kwamiti zai karɓi makulli daga hannunsa. Wai ya tsufa, kuma duk abin da aka taɓa sai ya ce ba haka ake yi ba.

Ina cikin awo tsohon ya matso ya ce, "Ya usta, ka auna ƙasa?"

Na ce na auna tsawo da faɗi.

Ya ce, "Ƙasar kanta nake nufi."

Na ce masa, "Tamam, ya Ammu," wato "To, Baffa," don dai ya ba ni wuri.

Bayan mako uku, ranar wata Alhamis, muka kawo kaya. Bencuna tsaf, tsayi ɗaya, suna ƙyalli. Muna jera su kowane ya kama ɗingishi. Ashe daɓen tsoho ne, an yi shi kan baƙar lakar nan mai kumbura da damina ta tsage da rani. Nan tudu, can kwari. Wata tsohuwa cikin matan da suka zo shara, Haboba Marta, ta je ta zauna inda ta saba zama. Ƙafafunta suka kasa taɓa ƙasa. Da ta yunƙura za ta tashi ta lalubi abin dafawa babu, bencin ya tuntsuro da ita, ba don Sa'idu ya tare ta ba da ta kifa. Fuskar Ustaz Daniyal ta canza. Saura kwana uku Lahadi, sunan warsharmu kuma yana shirin zubewa a garin mutane.

Sai ga gasis ɗinsu, wato limamin kanisar, Gasis Butrus. Ya girgiza benci ɗaya da hannu, ya dube ni ba tare da ɓacin rai ba.

"Katakonka mai kyau ne, ya usta. Ɗaki ka auna, ba ka san masu zama a cikinsa ba. Je ka tambayi wanda ya yi na farko."

Na ce, "Yana raye?"

Ya nuna mini ta taga. Ammu Yagub ne zaune ƙarƙashin darbejiya, kan tarin bencunan da muka fitar.

Na je na gaishe shi da Larabci. Ya ɗago kai ya ce mini da Hausa garau:

"Sannu da aiki, usta. Makahon ka zo nema?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe yana saurayi ya yi shekaru yana tsinkar auduga a gonakin Hausawa wajen Rufa'a, tare suke cin tuwo. Duk abin da muka faɗa ran nan ya ji, ya kuma dafa mana shayi a kai. Na cire hula na durƙusa.

"Baba, bakina ya yi mini kaye. Ka yafe mini."

Ya yi dariya har da tari. "Tashi, ɗana. Ɗauko zartonka, rana tana yi."

Kwana biyu muka yi ina yaron aikinsa. Ba ya riƙe abin awo, da tafin hannu da yatsu yake aunawa. Ya san kowane taku na daɓen nan. "Wannan ƙafa rage mata yatsa biyu. Waccan bar ta." Layin gaba na hagu ya sa muka gajarta shi duka, don nan tsofaffin mata ke zama, gwiwoyinsu ba sa son tsayi. Ya sa na yi wa Haboba Marta madafa ta dama, don hannunta na hagu ya shanye. Benci na ƙarshe ya sa na datse shi, a bar fili ga wani mai keken guragu. Kowace karkata da na yi wa dariya, akwai sunan mutum a bayanta. Ranar Juma'a kuwa shi ya dubi inuwa ya ce, "Ku ajiye guduma, liman ba zai jira ku ba," ya raka mu har kwanar masallaci.

Ran Lahadi Gasis Butrus ya roƙe mu mu tsaya. Muka zauna a waje kusa da taga. Ba benci ɗaya da ya motsa. Da Gasis ya hau wa'azi, ya ce Ubangiji ya umarce su su miƙe tsaye a gaban mai furfura. Ya ce hidimar Allah ba a kan mumbari kaɗai take ba. Wanda ya rage ƙafar benci don tsohuwa ta yi addu'a hankali kwance, ya yi wa'azin da ya fi nasa, ko da bai buɗe baki ba. Ya ce, "Mun kusa fitar da ɗan'uwanmu waje tare da katakon da ya tsufa. Mu nemi gafarar Yesu, mu nemi tasa. Duk wanda ya zauna yau bai ji ciwo ba, ya tashi."

Ɗaki gaba ɗaya ya miƙe. Ammu Yagub ma ya yunƙura, bai gane don shi ake yi ba, sai Ustaz Daniyal ya dafa kafaɗarsa ya zaunar da shi, shi Daniyal ɗin hawaye na zubo masa. Na waiga na ga ni da Sa'idu ma a tsaye muke. A ranar aka sanar cewa makulli yana hannunsa muddin yana so, matasa su riƙa shara da ɗaukar kaya bisa umarninsa.

Abin da na koya ke nan. Aikin hannu ba ya ƙarewa a katako, kuma ilimin sana'a mafi tsada yana kan tsofaffin da muke gaggawar cewa su huta. Addininmu ma haka ya hore mu, amma sai da na je ƙofar kanisa aka tuna mini.

A hanyar komawa ba mu wuce Sinnar kai tsaye ba. Muka sauka ƙauyenmu wajen Usta Mamman, wanda ya koya mana aiki, da rabonmu da shi shekara biyu. Ya juya tafin hannuna ya duba kantar da ke jiki, ya ce, "Bello, har yanzu a karkace kake riƙe zarto?"

Na ce, "Har yanzu, Baba. Nuna mini."