Gudummawar Da Ta Kusa Rufe Mini Shafi

Shekarun baya kaɗan, ina tsaka da harkar hatsi tsakanin Kankia da ƙauyukan Kusada, na buɗe ɗan shafi a intanet. Farashin masara, gero, dawa da wake kawai nake sakawa, don na gaji da amsa tambaya ɗaya a waya tun safe har yamma. Da masu leƙawa suka yi yawa, abokina mai shagon buga takardu a bakin titi ya ce in nemi kamfanin talla su riƙa sa tallace-tallace a shafin. Shi ya cike mini komai, suka karɓe ni. Abin da ake samu ba yawa, amma na ji daɗinsa ƙwarai, domin shi ne abu na farko da na samu a rayuwata ba tare da na ɗaga buhu ba.

Wata rana da hantsi ina duba awon wake sai ga saƙo daga kamfanin. Turancina na ciniki ne, saboda haka na garzaya wurin abokin nan. Ya karanta, ya cire tabarau.

"Alhaji, sun ce ana danna tallanka dannawar bogi. Wato mutanen da ba su da niyyar sayen komai. Sun dakatar da kai na ɗan lokaci. In aka sake, rufewa za su yi gaba ɗaya, kuma ba ka ƙara buɗe wani da sunanka."

Nan take na san wanda ya yi, ko in ce na ɗauka na sani. Akwai wani dillali da muka yi sa-in-sa a kan motar masara. Kwana biyu ina amsa gaisuwarsa da hanci. Bawan Allah, ashe ko adireshin shafin bai sani ba.

Abokina ya zauna ya bi bayanan masu shiga shafin ɗaya bayan ɗaya. Can sai ya fashe da dariya.

"Wanga ba maƙiyi ba ne. Wayoyi ne 'yan kaɗan, kusan kullum su ɗin ne dai. Kuma dubi lokacin: bayan asuba, bayan la'asar, ba fashi. Maƙiyi bai da irin wannan naci. Kai dai tuna, wa ka faɗa wa ana biyanka in an danna?"

Sai na tuna. A Yashe na yi wannan surutun, a tsakar gidanmu, ina yi wa ƙanwar mahaifiyata burga cewa yanzu ko ina barci, in wani ya taɓa hoto a shafina, wani abu ya shigo. Mahaifiyata tana gefe tana tsince shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba.

Ni ne ɗan fari a wurinta. Ba ta faɗin sunana, ba ta yaba mini a gaban mutane, ko rashin lafiya na yi sai dai ta aiko a tambaya. Da na yi 'yar cigiya, ashe da na tafi, ta tara matan unguwa masu manyan wayoyi ta ce ɗan wajenta ya buɗe shago a cikin waya, a taimaka masa da ciniki kamar yadda ake yi wa duk wanda ya kafa sabon teburi. Suka ɗauki abin kamar gudummawar biki. Wadda ta manta da safe sai ta rama da yamma.

Ban da bakin da zan ce mata ta daina, domin a ƙa'ida ban ma san ta yi ba. In kuma na yi shiru, shafi ya tafi.

Na fara da cire tallan gaba ɗaya, sannan na hau babur zuwa Yashe. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Na juya wurin ƙanwarta na ɗaga murya yadda za a ji ni har ɗaki.

"Inna, masu tallan nan fa za su kore ni. Sun ce wasu masoya suna ta danna hotunan. Su a wurinsu, in ba saye za ka yi ba, kamar ka tsayar da mota ne a tasha ka ce ba ka zuwa ko'ina."

"To mi za a yi maka, ɗan nan? Mutane su ga naka su kau da kai?"

"A'a. Abin da na rasa shi ne farashi. Ba na iya zuwa kowace kasuwa. Da zan samu masu turo mini nawa aka sayar da tiyar gero a inda suke, da sun gama mini komai."

Sai muryar mahaifiyata ta fito daga ɗaki, ba da ni take ba.

"A tambayi mai shagon, da murya za a turo ko sai an rubuta?"

Da na dawo Kankia muka cike takardar ƙorafi. Na ce wa abokina kada ya yi kwana-kwana, ya rubuta gaskiya: dangina ne, da kyakkyawar niyya suka yi, na cire tallan, na yi musu bayani. Muka jira. Da wa'adin ya cika suka maido ni, kuma daga ranar ban sake ganin irin wannan saƙo ba.

Matan nan kuwa suka riƙe sabon aikin da nacin da suka riƙe na farko. Farashi ya riƙa zuwa mini daga Yashe, daga Rimaye, daga garuruwan da 'ya'yansu ke aure, har da na man shanu da nono da ban tambaya ba. Manyan 'yan kasuwa daga Kano suka fara duba shafina kafin su turo mota. Dillalin nan da na zarga na je har rumfarsa na ba shi haƙuri, ya yi mini dariya son ransa.

Tun daga lokacin, in na shiga sabuwar harka, nakan yi wa mutanen gida bayanin abin da ke ɓata ta kafin in faɗa musu daɗinta. Mahaifiyata har yau ba ta taɓa cewa ita ce ta tara matan ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.