Yadda Hajja Bintu Ta Raba Mana Jariri

Duk wanda ya san Hajja Bintu ya san ba ta duba jariri. Ku da kuka haihu a danginmu kun gani da idonku. Za ta shigo gidan barka da laffayarta mai ruwan ƙasa, wadda ba ta da ranar hutu, ta wuce mai jego, ta wuce ɗan da kowa ke leƙe, ta tsaya tsakiyar ɗaki ta ce, "Ina babban?" Sai an nemo mata yaron da aka yi wa ƙane, ko da yana bayan ƙofa yana cin ƙasa. Ta ɗora shi a cinya ta yi ta yi masa sannu da Barbarci, wushe, wushe, kamar wanda ya dawo daga Makka. In aka ce Hajja ga fa jaririn nan, sai ta ce ai shi bai san ta zo ba, me za ta gaya masa?

Ni ma dariya nake yi mata, har abin ya zo kaina.

Hajja yayar babana ce. Lokacin da na haifi Modu, 'yata Fanne tana da shekara biyu da 'yan watanni. Mahaifiyata ta riga ta rasu, babu gidan da zan koma wanka. Muna haya a unguwar Limanti a Maiduguri, ɗaki biyu, ga zafin bazara irin wanda ko bango ba ka iya jingina da shi. Maigidana Malam Bukar koyarwa yake yi, in ya fita da safe sai la'asar. Kwana biyu da sallamo ni daga asibiti, ina zaune ɗa a hannu, 'ya rataye a wuya tana kuka, sai ga Keke ya tsaya a ƙofar gida. Hajja ce daga Old Maiduguri, da tabarmarta da butarta da tukunyar shayinta, don ba ta yarda da tukunyar kowa ba. Ta ce kwana uku za ta yi mana. Arba'in ta yi, kuma kowace safiya sai ta sanar da mu cewa jibi za ta tafi.

Ranar suna ta shimfiɗa tabarmarta a bakin ƙofar ɗakina, ta zaunar da Fanne kusa da ita, ta sa mata lalle da kwalli kamar ita ce mai jegon. Babu matar da ta shiga wurina ba ta fara durƙusawa ta yi wa Fanne barka ba. Maƙwabciyarmu Madam Rifkatu, malamar firamare ce, ta zo da kayan jarirai a leda, riga da wando da 'yar hula. Hajja ta tambaye ta ina na babbar. Madam ta ji kunya ta ce wallahi ba ta yi tunani ba. Hajja ta ce babu komai, ita ta yi mata tunanin. Ta buɗe ledar ta zaro hular ta ɗora wa Fanne a ka. Hular ba ta shiga ba, ta zauna mata a tsakiyar kai kamar murfin buta, amma yarinyar nan ko taɓawa ba ta bari an yi ba har magariba. Ku je ku duba hotunan sunan, Modu kansa a buɗe yake, hularsa tana kan yayarsa.

Sai maganar famfas. Da Malam ya shigo da ƙunshinsa, Hajja ta jujjuya guda ɗaya ta tambayi yadda ake wanke shi. Aka ce mata ba a wankewa, yarwa ake yi. Ta ce ita tun da take, ba ta san tufar da ake sawa sau ɗaya ba sai likkafani. Washegari da Malam ya tafi makaranta, ta buɗe akwatinsa ta tsamo wata farar riga da ta ga ta kwana biyu ba a sa ta ba, ta sa almakashi ta fitar da nafkin shida masu kyau. Ya dawo ya tarar da su a igiya, ɗaya ma da aljihunsa. Ya dube su, ya yi magana da ladabi, don yana jin nauyinta.

"Hajja, wannan fa da ita na je neman aikin da nake yi."

"Ka samu aikin?"

"Na samu, Hajja."

"To ita ta gama nata. Yanzu Modu ya ɗauke ta aiki."

Ni kuwa a kwanakin nan ban san kaina ba. Fanne da ta riga ta bar fitsarin kwance ta koma. Da na sa wa Modu nono sai ta tuna tana jin ƙishi, ko ta haye bayana, ko ta kifar da kofi tana kallon cikin idona. Kwanuka su taru, wanki ya taru, in zauna in yi ta hawaye ban san dalili ba. Hajja takan leƙo ta ce, "Wa ya mutu?" In ce babu. Ta ce to kwanuka ba su taɓa guduwa daga gidan kowa ba, in kwanta. Bayan azahar takan ja mini ƙofa ta zauna a waje, duk baƙuwar da ta zo ta ce mata mai jego ta yi tafiya. Wata ta ce ai ga takalmanta nan, Hajja ta ce babu takalmi ta tafi.

A sati na uku ne abin da nake tsoro ya faru. Ina wanka da hantsi, Hajja tana hura gawayin shayi a tsakar gida, sai na ji Modu ya yi wani irin tari da ban taɓa ji ba. Na fito da zani a ƙirji na tarar Fanne tsaye a kansa, ta cusa masa ɓarin dabino a baki. Fuskarsa har ta fara canza launi. Hajja ta ture ni gefe, ta kifa shi a hannunta, ta bubbuga bayansa, dabinon ya faɗo kan tabarma. Da ya tsala kuka, ni kuma sai na yi kan Fanne da hannu a sama.

Hajja ta riƙe mini hannu. Tsohuwa ce, amma na ji riƙon har ƙashi. Ta ce, "Dabinonta ne, guda ɗaya na ba ta, ta raba da shi. Ki dake ta yau, ba za ta ƙara ba shi komai ba har ku tsufa."

Na sauke hannuna na zauna. Ta jira har numfashina ya dawo, sannan ta kira Fanne ta ce za a yi rabo. Ta kwantar da Modu, ta sa yatsa a cibiyarsa. Daga nan zuwa sama, da baki da hanci da ido, na Mama ne, ba mai taɓawa sai Mama. Daga nan zuwa ƙasa, ƙafafu biyu da yatsu goma, na Fanne ne halak malak. Ta sa ta ƙirga yatsun don ta tabbata an ba ta kayanta cif.

Wallahi abin ya yi aiki har ya wuce yadda ake so. Fanne ba ta sake zuwa kusa da bakinsa ba, amma babu mai sa wa Modu safa sai da izininta. Ita ke shafa musu mai, ita ke kore musu ƙuda da mafici. In ina ba shi nono, tana zaune a ƙasa riƙe da rabonta tana yi masa hira. Ranar da muka kai shi allurar rigakafi, ma'aikaciyar ta ɗaga cinyarsa za ta soka, sai Fanne ta rungume ƙafar ta cika asibitin da ihu wai tata ce. Matar ta dube ni, na dubi Hajja. Hajja ta gyara laffaya ta ce gaskiyar yarinya ne, a nemi izini wurin mai ƙafa. Sai da ma'aikaciyar nan, da fararen kayanta, ta sunkuya ta roƙi aron cinya ɗaya, ga layi a bayanmu ana ta dariya.

Da kwana arba'in suka cika, na fito da safe na ga ta naɗe tabarma, Keke yana jira. Na bi ta har ƙofa ina cewa Hajja ko sati ɗaya ki ƙara, ba zan iya da su biyu ni kaɗai ba.

Ta ce, "Ke 'yar nan, kwana goma ke nan ban ɗaga ko tsinke a gidan nan ba. Shayi kawai nake sha ina kallonki. Wa kike zato yake yi?"

Na tsaya ina tunani. Gaskiya ta faɗa. Ni ke yi musu wanka, ni ke girki da Modu a baya, Fanne tana miƙo mini cokali, ban ma lura da ranar da Hajja ta janye hannunta ba. Na koma ciki na ɗora tukunya.

Bayan su na ƙara haifar biyu, ban kuma sake jin irin wancan tsoron ba. Da aka kira ni aka ce Hajja ta cika, ina tsakar gida ina raba faɗan ƙananan, sai na tarar na zauna a ƙasa ban san lokacin da na zauna ba. Ba ta taɓa haihuwa ba, amma ranar jana'izarta gidan bai ɗauki waɗanda ta raina ba.

Allah ya jiƙan Hajja Bintu, ya yafe mata, ya sanyaya makwancinta. Yadda ta tsaya mana lokacin da ba mu da kowa, Allah ya tsaya mata. Amin.