Hannun hagun da na mayar

Shekarun baya, ina sabuwar zuwa New York karatu, rawar kai ba a magana, komai na gani sai na ɗauka a waya na tura gida. Weekend ba lakca, sai na shiga aikin sa kai a wani ɗan kicin a Grand Concourse, inda ake dafa wa sababbin zuwa abinci duk Asabar. Na ɗauka Hausata da Turancina sun ishe ni. Ina shiga na ji Faransanci ta ko'ina, na tsaya ƙiƙam kamar an dasa ni.

Aka haɗa ni da wata dattijuwa 'yar Senegal da ta zo rainon jikoki. Ita ke kan tukunyar shinkafa da kifi, ni yankan albasa. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci, ni kuma bonjour kaɗai gare ni, shi ma a karkace. Ina ce mata Mama, tana ce min ma fille, wato 'yata. A wajenta na fara koyo. Ta ɗaga albasa ta faɗi sunanta, in maimaita, ta yi ta dariya tana share ido da bakin mayafi.

Matar akwai hira. Tana juya miya tana zuba labari, ni ko ina gyaɗa kai kamar ƙadangaruwa, oui oui, alhali ko rabi ba na kamawa. Sai na ci alwashin sai na iya yaren nan, mu zauna mu yi hira ta gaske ba tafinta. Na sauke app na koyon Faransanci a waya, a cikin jirgin ƙasa na D train ina ta gunguni ni kaɗai, mutane suna matsawa gefe.

Wata Asabar, sanyi ya fara shigowa, mun gama wanke-wanke, ta tsayar da ni ta yi magana mai tsawo, a hankali, ba dariya. Na tsinci merci, wato na gode, da Dakar, babban birninsu. Dakar kuwa kullum tana bakinta, ban kawo komai a raina ba. Sai ta miƙo min hannun hagu.

Ni fa 'yar Kano ce. Ko cokali na miƙa da hagu sai mahaifiyata ta buge hannun. Na zaci mantuwar tsufa ce. Na yi dariya, na sauke mata hagun, na kamo na daman na girgiza sosai, har da "à samedi", wato sai Asabar, ina jin kaina wai na iya. Ta dube ni, ta shafa kumatuna, ta tafi.

Asabar ta zagayo na zo, wata ce a kan tukunya, ba Mama ba. Ƙawata 'yar Maraɗi da muke aikin tare ta ce, "Ke ba ta sallame ki ba? Ta koma gida ai."

Na ba ta labarin hannun. Ta ajiye wuƙa.

"Vraiment, Kanawa sai a hankali. Su 'yan Senegal haka suke ban kwana in tafiyar mai nisa ce. Da gangan ake ba da hagu, gaisuwa ba ta yi daidai ba ke nan, dole a sake haɗuwa a gyara. Ke kuma kin gyara mata nan take."

Na nemi lamba. Mama ba ta riƙe waya, 'yarta da ta zo yi wa raino kuma sun tashi daga unguwar. Shi ke nan fa.

Yau Faransanci ya zauna a bakina, har musu nake da 'yan Nijar suna tsokanata wai na Kano nake yi. Ina jin daɗi, ba ƙarya. Amma wadda na koya dominta, hirar nan ba mu taɓa yin ta ba. Doguwar maganar da ta yi min ranar, da yau ce da kalma ɗaya ba za ta wuce ni ba.

Bara da zan dawo daga hutu, a ƙofar gidanmu a Kano na miƙa wa mahaifiyata hagu. Ta buge hannun, ta ce, "Abin da ake koya miki a Amurkar ke nan?"

Na sake miƙawa. Ban sauke ba sai da ta kama.